Yadda nake zuzuta siffar dabba a zanen katun

Kafin in ƙara wa kowace gaɓa girma, sai na fara zana dabbar yadda Allah ya halicce ta. Da giwayen Yankari na gwada hannuna, kuma kuskurena na farko shi ne ƙara komai lokaci guda: kunnuwa, hanci, haure da ƙafafu. Abin da ya fito ƙatuwar giwa ce kawai, ba ta ba kowa dariya. Ido ba ya gane girman abu sai akwai ƙarami kusa da shi. Yanzu gaɓa ɗaya nake ninkawa, in rage wata. Idan kunnuwa sun ninka, sai ƙafafu su koma rabi.

Da kan dabbar nake awo. Da fensir HB, hannu sako-sako, nakan yi da'ira uku: kai, ƙirji da ƙugu. In ɗan giwa nake so, tsayinsa duka ba ya wuce kai biyu da rabi. Sai in sauko da idanu ƙasa da tsakiyar fuska, in bar goshi da faɗi. Wannan ke kawo yarinta. Da zarar idanun sun hau sama, dabbar ta tsufa nan take.

Babban kai yana da matsalarsa. Idan ƙafafu suka tsaya can baya, sai ka ga kamar dabbar za ta kifa. Nakan ja layi daga tsakiyar kai zuwa ƙasa, in tabbatar ya sauka tsakanin ƙafafu, sannan in faɗaɗa tafin.

Gaɓoɓi kuwa ba na taɓa tsarinsu. Abin nan da ke lanƙwashe ta baya a ƙafar akuya, wanda mutane ke ɗauka gwiwa ce, dunduniyarta ce. Gwiwar tana sama, kusa da ciki. Ka gajarta ƙafar yadda ka ga dama, amma in ka juya wannan lanƙwasa, ta zama mutum cikin fatar akuya. Haka ƙwayar idonta, a kwance take, ni kuma ina barinta haka.

Kafin in bi layi da fensir 2B, wanda ya fi HB baƙi, nakan cike kwafi ɗaya da baƙar maka, wato alƙalami mai kaurin baki, in nuna wa yaro daga nesa. Gadu na farko da na gwada, "kare" aka ce mini. Sai da na miƙar da wutsiyarsa sama, yadda yake yi in yana gudu, na kuma tsawaita haurensa, sannan aka gane shi.