Alhamdulillah an gama, ga godiyata ga duk wanda ya riƙe ni a shekara huɗun nan

Assalamu alaikum jama'a. Tun ranar Asabar da aka sa mana doguwar riga da hula aka kira sunana da Dakta wayata ba ta huta ba, saƙonni sun fi ƙarfina wallahi, na fara amsawa ɗaya bayan ɗaya sai na ga in na bi ta haka har Yuli za ta zo ban gama ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta a nan kowa ya gani. Wanda ban amsa masa ba don Allah ya yi haƙuri, ba girman kai ba ne.

Da yawa sun ga hoton sun tambaye ni wai mene ne DO ɗin da aka rubuta a bayan sunana, ba MD na yawancin likitocin Amurka ba, ba kuma MBBS irin na gida ba. DO ɗin dai Doctor of Osteopathic Medicine ke nan. Amsar za ta kai ni ga mutum na farko da zan gode wa bayan Allah da iyayena, wato Kawuna ƙanin Hajiya, wanda ya gaji ɗori a wajen kakanmu a can Zariya. A 2021 da na samu gurbi na kira gida ina murna, aka miƙa masa waya ya ce wace irin makarantar likita ce, na fara kame-kame ina cewa ana koyar da duk abin da ake koya wa likita amma akwai ƙarin aikin hannu a kan ƙashi da gaɓoɓi da tsoka. Sai ya kwashe da dariya ya ce au, ashe ɗori kika je koyo har Amurka, ai da kin zo zaure na koya miki kyauta. Ranar na ji haushi sosai, ban dai nuna ba.

Ashe Kawu bai yi nisa da gaskiya ba. A makon farko aka ba mu tarihin wanda ya kafa wannan fanni, Andrew Taylor Still, likita ne da sanƙarau ya kashe masa yara 3 a 1864, irin sanƙarau ɗin nan dai da muka sani lokacin zafi, sai ya yanke ƙauna da magungunan zamaninsa ya koma nazarin ƙashi da yadda jiki ke gyara kansa. A 1874 ya fito da ra'ayinsa, a 1892 ya buɗe makaranta ta farko a Kirksville a jihar Mizuri, kuma kafin nan har tallan kansa yake da laƙabin mai ɗori mai saurin walƙiya. Ina zaune a aji na dinga danne dariya ni kaɗai, ba wanda zai gane dalili. Amma yau abin ya wuce nan, mai DO a Amurka cikakken likita ne, yana rubuta magani yana tiyata yana karɓar haihuwa, kuma wajen ɗaya cikin huɗu na ɗaliban likitanci a ƙasar irin makarantarmu suke. A Ingila ne in an ce osteopath, wato mai wannan aikin hannu, ba likitan asibiti ake nufi ba, kar a haɗa su. Kawu na gode da tsokana, ita ta sa na dage.

Sai maigida. Ban san ta inda zan fara ba. Mutumin nan ya ga na rubuta MCAT, jarrabawar shiga makarantar likita, sau biyu, na farkon da sakamako ya fito na kwana ina kuka na ce na haƙura zan nemi aikin kanti, bai ce min komai ba sai da safe na ga ya biya kuɗin wata jarrabawar. Yaronmu yana da shekara 2 na fara, shi ke kai shi gidan raino shi ke ɗauko shi, ya koyi tuƙa tuwo ta bidiyo, tuwon dai ba a magana amma mun ci mun rayu. Allah ya saka maka da Aljanna, ya bar mu tare. Surukata Hajiya Babba da ta baro ɗakinta da jikokinta ta zo ta yi wata 5 cikin sanyin da ko ƙofa ba ta iya leƙawa, kullum tana naɗe da bargo kusa da hita tana jan carbi tana ce min ke dai je ki karatunki, Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana Hajiya.

Abin da ya kusa kore ni daga makarantar ba wahalar karatu ba ne, ajin OMM ne, wato ajin aikin hannun nan. Ba a kan roba ake koyo ba, a jikin juna ake koyo, kowa da abokin aikinsa, wannan ya kwanta a kan tebur wancan ya lalubi ƙashin bayansa da haƙarƙari da ƙugu, sannan a juya. Kuma ana so a sa gajeren wando da ƙaramar riga don a ga jiki, maza da mata a zaure ɗaya, ana kuma canza abokan aiki. Da na karanta takardar sai da cikina ya juya. Na je ofis ɗin farko aka ce min haka tsarin yake kowa ya sa hannu a kai, na fito na zauna a mota na fi awa ɗaya ban tayar ba. Wata farfesa dattijuwa ce, gashinta duk furfura, ta ji labari ta kira ni, ta ce in faɗa mata abin da zan iya da wanda ba zan iya ba ba tare da kunya ba. Ta sa aka ba ni tebur na ƙarshe da labule, in ni ce a kwance mace ce za ta taɓa ni, in ni ke aiki kuwa zan yi a kan kowa tunda gobe marar lafiya ba zaɓarsa zan yi ba. Na yarda da hakan, adalci ne. Ba ta jin Hausa amma zan fassara mata wannan da bakina.

Da ƙawata baturiya 'yar ƙauye wadda ta ce ita za ta zama abokiyar aikina, shekara 2 cur, ta san wuyana da bayana fiye da ni kaina. Da azumi ba ta cin komai a gabana duk da na ce mata ba komai. Ita ta koya min Anki, katunan maimaita karatu ɗin nan na waya da ke bin mutum har banɗaki, in ka tsallake kwana biyu ka tarar da ɗaruruwa sun taru suna jiranka kamar masu bin bashi.

A gaskiya ba duk abin da aka koya mana a OMM na gamsu da shi ba. Batun wai ana jin motsin ƙasusuwan kai da yatsu, na haddace na ci jarrabawa amma har yau yatsuna ba su ji komai ba. Na ciwon baya da sanƙarewar wuya kuwa na ga aikinsa da idona, kuma ko ba komai ajin ya cire min tsoron taɓa marar lafiya, wanda ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai wanda ba zai taɓa ganin wannan rubutu ba amma dole in ambace shi, dattijon da ya yi wasiyya a ba ɗalibai gawarsa. Mu da muka saba a rasu da safe a binne kafin azahar, sai ga ni da wuƙa a hannu wata da watanni a kan mutum ɗaya, warin maganin da ake adana gawa da shi yana bin hijabina har gida. Jarrabawar anatomi, wato ilimin sassan jiki, ta farko faɗuwa na yi, ba da kaɗan ba ma. Ɗan ajin gaba da mu ɗan Sudan shi ya dinga zama da mu ranar Lahadi yana nuna mana jijiya ɗaya bayan ɗaya har na haye. A ƙarshen shekara aka yi taron girmama waɗanda suka ba da jikinsu, iyalansu suka zo, na kasa haɗa ido da su.

Shekara ta biyu ba ni da abin faɗa da yawa, karatu ne kawai, azumin 2023 ya faɗo daidai lokacin da muke shirin COMLEX, jarrabawar neman lasisin likita tamu ta 'yan DO, kuma da yawanmu muna ƙarawa da USMLE ta 'yan MD don kar a raina mu wajen neman gurbin ƙwarewa, jarrabawa biyu kuɗi biyu, kowacce yini guda. Matan masallacinmu da suka raba kwanaki suna aiko min da abin buɗe-baki, 'yan Nijar da 'yan Gana da Somaliyawa, har da mai kunun gyaɗa da ƙosai, ban san sunan wasunku ba ma, Allah ya san ku.

A shekara ta uku aka tura ni wani ƙaramin gari da shanunsa sun fi mutanensa yawa. Akwai ranar da wani marar lafiya ya kalli kaina ya ce shi ba zan duba shi ba, na juya zan fita, nas ɗin da ke wurin, wata mai faɗa da kowa ke shakka, ta ce masa to sai ya jira likita har la'asar, ta ja hannuna ta kai ni ɗaki na gaba ta ce ci gaba da aikinki. A ɗakin gaban wani manomi ne da ya zo a sunkuye saboda baya, likitan da nake ƙarƙashinsa ya ce in gwada hannuna yana tsaye, bayan minti kamar 15 mutumin ya miƙe ya ɗaura takalminsa da kansa. Washegari ya aiko da ƙwai kiret guda. Da daddare na kira Kawu na ba shi labari ya ce to kin fara shigowa hanya.

Ranar Litinin 17 ga Maris 2025 saƙo ya shigo cewa na samu gurbin rasidensi, wato horon ƙwarewa a asibiti bayan gama makaranta, amma ba a faɗi ina ba, haka tsarin yake, sai Juma'a 21 ga wata ƙarfe 12 na rana agogon gabashin Amurka ake buɗe ambulan. Muna cikin azumi, a gida ƙarfe 5 na yamma ana suyar buɗe-baki, Hajiya ta bar kasko a wuta ta riƙe waya, ƙannena sun cika allon ba na ganin fuskar kowa sosai. Na buɗe na ga likitancin iyali, shekara 3, garin da na sa a farko. Guɗar Goggo sai da Turawan teburin kusa suka juyo. Baba bai ce komai ba sai share ido da bakin rawani, Baba duk sadakar da ka dinga bayarwa ranar kowace jarrabawa ina sane, ƙanwata ke gaya min.

Bashin karatun da ke kaina in na juya shi zuwa naira za ku ce ƙarya nake, don haka masu cewa Dakta ta fashe a sassauta min tukuna, a taya ni da addu'ar biya. Masu turo min hoton gwaji da na allura ta WhatsApp kuma don Allah ku je asibiti a duba ku ido da ido, ba rowa ba ce.

Ranar bikin bayan an watse aka haɗa ni da Kawu ta bidiyo ina sanye da hular, ya ƙare min kallo ya ce to Dakta, yanzu in yaro ya faɗo daga mangwaro ya karye za ki iya ɗora shi? Na ce a'a Kawu, hoto zan sa a ɗauka in tura shi wajen likitan ƙashi. Ya ce ashe da sauranki, in kin zo hutu ki same ni a zaure. Ranar 1 ga Yuli zan fara aiki in sha Allahu, hutun farko da aka ba ni Zariya za ni.