Fangas a ƙodar mai robar fitsari

Yawancin majinyatan da nake duba wa a nan Kaduna masu roba a kwiɓi, wadda ke kwaso fitsari kai tsaye daga ƙoda, mata ne da kansar bakin mahaifa ta toshe musu hanyar fitsari, sai masu tsakuwar ƙoda. In ga ciwon suga, ga maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka daɗe ana ɗirka wa mutum, to fangas ɗin nan da ake kira Kandida ya samu wurin zama.

Ba duk wanda aka ga Kandida a fitsarinsa nake ba magani ba. In babu zazzaɓi, babu ciwon kwiɓi, canza roba kawai nake yi a sake gwaji, sai dai in garkuwar jikinsa ta yi ƙasa sosai ko za a yi masa aiki a hanyar fitsari.

Wata dattijuwa daga Rigasa ta zo da zazzaɓi mai sa karkarwa, jakar fitsarinta duk farin gari-gari. Ɗanta ya ce, "Likita, an yi mata allurai har mun gaji." Na ce Mama ba ƙarin allura take bukata ba, robar ce za ta fita tukuna. Fangas yakan yi shimfiɗa a cikin roba kamar gansakuka a randa, magani ba ya ratsa shi. Muka sa sabuwa, muka ɗebi fitsari daga cikinta, muka tura jini gwaji, sannan muka fara maganin fangas mai suna fluconazole. Ana ba da miligiram 200 zuwa 400 kullum na mako 2, a rage in ƙoda ta raunana. Dalilin zaɓensa shi ne yana fita ta fitsari da ƙarfinsa, abin da caspofungin, wani maganin fangas ɗin, ba ya yi duk da tsadarsa. Na kuma sa ido kan sugarta, don tana shan maganin suga glibenclamide, haɗuwar magungunan biyu kan sa suga ya faɗi warwas.

Kandida iri-iri ce, kuma ba duka ke jin fluconazole ba, shi ya sa nake matsa wa ɗakin gwaji su faɗa mini wane iri ne. Albicans na jin fluconazole, krusei ba ta ji, glabrata kuma sau da yawa takan bijire. A nan sai wani maganin, amphotericin B, mai wahalar da ƙoda, a riƙa auna sinadaran potassium da creatinine a jini don lura da ƙodar.

Zazzaɓin Mama bai sauka da wuri ba, muka yi hoton ciki, sai ga curin fangas a cikin ƙodar. Ga irin wannan curin, magani kaɗai ba ya isa, likitan tiyata ne ya ciro shi. Muka riƙa wanke wurin ta robar da amphotericin miligiram 50 cikin mililita 500 na ruwan da ba shi da ƙwayoyin cuta. Kafin sallama na rubuta wa ɗanta ranar canza roba a bayan katinta, na nuna masa yadda zai rataye jakar ƙasa da ƙugu.