Yau layin ya miƙe

Laraba, bayan sallar isha'i.

Tun da hantsi nake gaban kwamfuta. Alhamdulillahi, abin da na kwana uku ina nema yau ya fito.

Aikin da Malam ya ba ni a baki ba wuya. Raga ce mai gida-gida a cikin kwamfuta. Ana zuba ruwa a layin sama, kowace mahaɗa tana da hanya biyu zuwa ƙasa, hagu da dama, kuma ƙuri'a ce ke yanke wadda za ta buɗe da wadda za ta toshe. Ruwan ba ya komawa sama. In hanyoyin da ke buɗe suka yi kaɗan sai ya ƙafe a tsakiya, kuma in ya ƙafe shi ke nan, ba abin da zai sake tayar da shi. In suka yi yawa, ya yi ta gangarawa ba iyaka. Iyakar da ke tsakanin nan biyu nake nema.

Kwamfutar tana zana layi da ke nuna yawan mahaɗan da ruwa ya kai yayin da yake gangarawa, a bakin iyakar ne layin zai miƙe. Na sa rabon buɗaɗɗun hanyoyi 0.64, layin ya sunkuya. Na sa 0.65, ya ɗaga kai. Da la'asar na sa 0.6447 na tafi masallaci. Ina dawowa na tarar da shi a ma'aunin logaridim, wato ma'aunin da ke tafiya ninki-ninki, miƙe samɓal, gangarensa kusan 0.16. Masana 0.159 suke samu.

Nan take na kira Malam. "Malam, ya miƙe!" Ya ce, "Madalla. To daga ina lambar iyakar ta fito?" Na yi shiru. Ya ce ba ni kaɗai ba ne, har yau ba wanda ya warware wannan lissafin dalla-dalla.

Maganar nan ta tsaya mini a rai. A irin wannan ragar, in ruwa na iya bin kowace fuska, iyakar rabi ce cif, masanin lissafi Harry Kesten ya tabbatar da haka a 1980. Amma da aka ce ƙasa kawai zai bi, sai lambar ta ƙi tsayawa a kan komai da muka sani. Duk da haka masana biyu, Janssen a 1981 da Grassberger a 1982, suka yi hasashen cewa abubuwa da dama masu yaɗuwa ko su mutu murus, kamar cutar da ake warkewa a sake kamuwa, halinsu a bakin iyakar iri ɗaya ne. Sai a 2007 Takeuchi da abokan aikinsa a Tokyo suka nuna shi ƙarara a ɗakin gwaji.

Gobe in Allah ya kai mu, mahaɗai zan toshe maimakon hanyoyi. Iyakar za ta koma 0.7055, gangaren kuwa bai kamata ya motsa ba. Ina so in gani da idona.