Manhajar hasashen ruwan sama, mako na shida: ta fara magana da intanet

Assalamu alaikum 'yan uwana masu koyon haɗa manhajar Android. A rubutun baya na tsaya ne inda manhajata ke nuna alƙaluman da na rubuta da hannuna cikin kod, don kawai in ga yadda za su zauna a fuskar waya. Wannan makon na jona ta da intanet. Ga wanda bai bi mu tun farko ba, saboda kawuna nake yin ta. Gero da wake yake nomawa a ƙauye, kuma da damina ta kankama tambayarsa ɗaya ce: in zuba taki yau, ko ruwa zai zo ya wanke shi?

Daga Open-Meteo, wani shafin intanet mai ba da hasashen yanayi, nake ɗauko bayanan, domin ba sa neman rajista ko wani mabuɗi muddin ba don kasuwanci kake ba. Ka ba su latitud da longitud, na Kano wajen 12 da 8.5, su dawo maka da amsa a tsarin JSON, wato tsararren rubutu da manhaja ke iya karantawa. Retrofit, wani shiryayyen kod da ake sakawa a manhaja, shi ke kai saƙon ya dawo da amsar.

Tuntuɓen farko shi ne izini. Manhaja ba ta leƙa intanet sai ka rubuta android.permission.INTERNET a cikin AndroidManifest.xml, fayil ɗin da manhaja ke bayyana izinin da take buƙata, a saman sashen application, ba a cikinsa ba. Wannan izinin ba ya fito wa mai waya da tambaya kamar na kyamara, tun wajen sauke manhaja ake ba da shi. Shi ya sa idan ka manta babu abin da zai tuna maka sai rubutu mai launin ja a Logcat, inda Android Studio (manhajar da muke rubuta kod a cikinta) ke nuna kurakurai. Masu haɗa manhaja da Flutter ku ƙara kula: sigar gwaji tana zuwa da izinin, amma sigar da za ku raba wa mutane ba ta da shi sai kun saka da kanku.

Na biyu, kuskuren NetworkOnMainThreadException. Tun Android 3.0 na 2011 aka hana aikin intanet a kan babban zaren da ke zana fuskar manhaja, domin idan amsa ta yi jinkiri komai zai sandare. Na mayar da aikin zuwa suspend na Kotlin, yaren da nake rubuta kod da shi, don Retrofit ya yi shi ba a kan babban zaren ba, ya wuce.

Sai na haɗa 'yar ƙaramar uwar garke, wato sabar da za ta riƙa amsa wa manhajar, a kwamfutata don in riƙa gwaji ba tare da ƙona data ba. Nan na ɓata yamma guda. Idan ka rubuta localhost, adireshin da ke nufin na'urar da kake kai, a wayar gwaji ta Android Studio da ke gudana cikin kwamfuta, kanta take nema, ba kwamfutarka ba. Adireshin kwamfutarka a wajenta shi ne 10.0.2.2. Na gyara, sai aka ce min ba a yarda da CLEARTEXT ba, wato saƙon da ke tafiya a fili ba a kulle ba. Daga Android 9 na 2018 ana toshe http zalla, sai https mai kulle saƙo. Na ga masu ba da shawarar a buɗe ƙofar gaba ɗaya da usesCleartextTraffic. Ban so haka ba, domin irin wannan gyaran shi ake mantawa har a raba manhaja da shi. Na yi fayil ɗin network_security_config na yafe wa adireshin nan guda ɗaya kawai.

Daren Alhamis komai yana tafiya a ɗakina. Ranar Asabar na tafi ƙauye, kuma can ne aka yi karatun gaske.

Muna zaune da Kawu a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida na saka masa manhajar a tsohuwar wayarsa, wadda aka ɗaure murfin bayanta da roba. Na buɗe, sai SSLHandshakeException, kuskuren da ke nuna haɗin https ya gagara. A wayata kuwa lafiya lau, ga mu zaune a tabarma ɗaya. Na daɗe ina dubawa kafin idona ya kai kan agogon wayar: Janairun 2016. Ashe duk lokacin da za a kai caji sai an zare batirin, kwanan wata ya koma baya. Takardar shaidar da https ke dogara da ita tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, wayar kuwa da nata agogon take aunawa. A wajenta takardar ba ta ma fara aiki ba. Na kunna saitin kwanan wata na kai tsaye, ta buɗe.

Ba mu gama murna ba sai SocketTimeoutException, wato lokacin jiran amsa ya ƙare. A saman wayar harafin E ne ke tsaye, wato EDGE, sabis ɗin 2G mai tafiyar hawainiya. OkHttp, kod ɗin da Retrofit ke aika saƙo da shi, daƙiƙa 10 yake jira ya haƙura. A birni wannan ya isa har da saura, a ƙauyenmu kuwa sabis sai ka taka zuwa bakin makaranta. Kawu ya dubi farar fuskar ya ce, "To ɗana, idan sai na je makaranta za ta gaya min, ai gara in ɗaga kai in dubi gabas." Gaskiya ya faɗa, kuma maganar ta tsaya min a rai har na dawo gida.

Ga abin da na yi tun daga Lahadi. Na ƙara lokacin jira zuwa daƙiƙa 30. Na rage abin da nake nema, ruwan sama na kwana uku kawai, ba na kowace awa har mako guda ba, don amsar ta yi sauƙin zuwa. Wanda ya fi duka muhimmanci a wurina, duk amsar da ta samu shigowa ina ajiye ta a wayar, in babu sabis manhajar ta nuna ta tare da rubuta lokacin da aka samo ta. Lokacin nan wajibi ne, kada mutum ya zuba takin da ya sayo da ƙyar bisa hasashen shekaranjiya yana zaton na yau ne.

Na kuma raba saƙonnin kuskure. Da can duk abin da ya faru "an samu matsala" take cewa. Yanzu tana cewa babu sabis, ko a duba kwanan watan waya, ko wataƙila data ta ƙare. Na ƙarshen ya fi wuya, domin waya na iya nuna sandunan sabis a cike alhali babu ko sisin data. Da izinin ACCESS_NETWORK_STATE ana iya tambayar ConnectivityManager, sashen Android mai lura da haɗin intanet, kuma NET_CAPABILITY_VALIDATED za ku duba, shi ne ke nuna cewa wayar ta gwada ta ga intanet ɗin na tafiya da gaske.

Don Allah, wanda ke da manhaja a hannu ya shiga saitin wayarsa ya mayar da ita 2G, ya kashe Wi-Fi, ya gwada. Ya kuma nemi wayar da ta fi tsufa a gidansu.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, zan gwada WorkManager, wanda ke gudanar da aiki a bayan fage, don manhajar ta riƙa ɗauko hasashe da kanta duk sanda sabis ya leƙo, ko da wayar na aljihu. Kawu ya kuma nemi ta riƙa magana da murya, domin ajami ya fi masa boko sauƙin karantawa. Wanda ya taɓa saka muryar Hausa a manhaja, ina neman shawararsa.