Hadda ta kai ni, amma ba ta dawo da ni ba

Na taso a makarantar allo, don haka hadda ba ta taɓa ba ni wahala ba. Da na gama kwas ɗin tuƙin jirgin sama na kasuwanci a Zariya, na yanke shawarar neman babban lasisin matuƙa a tsarin Turai, sai na ɗauka abin zai zo min da sauƙi. Darussa goma sha uku ne, kowanne sai ka ci kashi 75 cikin ɗari. Wata goma sha takwas ake ba ka ka kammala, zaman jarrabawa shida kacal, kuma darasi ɗaya ba ka da damar gwada shi fiye da sau huɗu. Idan ka ƙetare ɗaya daga cikin waɗannan iyakoki, duk abin da ka ci a baya ya rushe, sai ka sake daga farko.

Na biya kuɗin rumbun tambayoyi na intanet, na duƙufa. Bayan sallar asuba in yi bita, bayan isha'i in ƙara. Cikin wata biyu na kai inda ko ban gama karanta tambaya ba na san amsar. Dokokin sufurin jiragen sama da darasin sadarwa na ci su ba tare da gumi ba, har na fara jin kaina.

Darasin ƙarfin jirgi wajen tashi da sauka ne ya kayar da ni. Tambayoyin da na haddace sun fito, amma an canza lambobi: zafin gari daban, nauyin jirgi daban, tsawon titi daban. Na zauna ina kallon jadawalin lissafin ƙarfin jirgi kamar baƙon da ya sauka a tasha da daddare. Faɗuwar ba ta wani ba ce, tawa ce.

Wani tsohon kyaftin ɗin jirgin sama da ya yi ritaya, abokin kawuna, shi na kai wa kukana. Bai buɗe littafi ba. Cewa ya yi, “Ɗana, yau zafin Kano nawa ne?” Lokacin watan Afrilu ne, na ce, “Ranka ya daɗe, ya kai arba'in.” Ya ce to in lissafa masa a wane tsayi injin jirgi yake jin kansa idan yana kan titin filin Malam Aminu Kano.

Na san lambobin a ka. Yanayin da aka ɗauka a matsayin ma'auni shi ne digiri 15 a bakin teku, kuma zafi na raguwa kusan digiri biyu a kowace ƙafa dubu. Kano tana kusan ƙafa 1,500 sama da teku, ke nan a littafi zafinta ya kamata ya zama wajen digiri 12. Amma ga shi 40, bambancin 28. Kowane digiri ɗaya na ƙari yana ɗaga lissafin da wajen ƙafa 120. Da na haɗa, sai na ga jirgin da tayarsa ke ƙasa a Kano yana shaƙar iskar da ta yi daidai da ta kusan ƙafa 5,000. Iska ta yi sirara, injin ya rage ƙarfi, fukafuki na neman ƙarin gudu, titi kuma bai ƙara tsawo ba. Abin da na sha ji a jikina a Zariya da rana tsaka, jirgi yana jan ƙafa kafin ya ɗaga, ashe shi ne jadawalin da ya gagare ni.

Daga nan na sauya salo. Kowace tambaya sai na warware ta a takarda kafin in kalli zaɓin amsoshi, ko da zan yi goma kawai a rana maimakon ɗari biyu. Darasin yanayi ma ya daina zama baƙo, domin layin da iskar hunturu ta arewa maso gabas ke karo da iskar damina mai tasowa daga teku a kan garuruwanmu yake kai da komo. Hazon da ke hana jirage sauka a Kano a Disamba da Janairu kuwa ba sai an fassara min shi ba. Gaskiya kuma, inda littattafan suka zurfafa kan dusar ƙanƙara a titin jirgi, nan kam hadda na koma wa, ban ji kunya ba.

Wani abu da kyaftin ya dasa min shi ne rubuta ma'auni kusa da kowace lamba. Ya tuna min da jirgin Air Canada ƙirar Boeing 767 da mai ya ƙare masa a sama a 1983, saboda an yi lissafin mai da fam alhali kilo ake nufi; matuƙan suka lallaɓa shi ba inji har wani tsohon filin jirgin soja a garin Gimli na ƙasar Kanada. Har yau ba na rubuta lamba tsirara.

Da na koma zama na biyu, tambayar farko a kan filin jirgi mai tudu ce a rana mai zafi. Na juya takardar lissafi na fara cire ma'aunin littafi daga zafin garin.