Bushewa daban, nuna daban

Ina shekara ta biyu da fara koyon fenti a wani gareji a Sabon Gari na ɓata wa maigidana aikin kwana biyar da tsumma ɗaya. Baƙar 406 ce ta wani malami mazaunin Samaru. Mun cike lotsawar da fila, mun goge da sanfefa, an fesa firaima, an fesa kala, an bi da kiliya, ruwan nan mai sheƙi da ake rufewa da shi. Hunturu ake yi. Na zo da sassafe na tarar ƙura ta kwanta a bonet, na taɓa da bayan hannu na ji ya bushe ƙayau, sai na ɗauko tsumma na share tas. A inuwa ba ka ganin komai. Da rana ta ɗaga sai ga zane sirara sun zagaye bonet ɗin kamar saƙar gizo-gizo.

Maigida bai ɗaga murya ba. Ya ja ni bayan motar, ya ce in danna farce a wurin da bomba za ta rufe. Na danna, farcen ya bar shaida. Ya ce, "Ka gani ko, yaro? Bushewa daban, nuna daban." Sai da muka jira wasu kwanaki fentin ya ƙara ƙarfi, sannan muka bi bonet ɗin da sanfefa mai lamba 2000 da ruwa, muka goge da inji, kafin sheƙin ya dawo.

Daga baya na gane abin da yake nufi. Saman fenti ne ke fara bushewa, amma tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, tana ciki tana fita a hankali, sinadarin da ke sa shi tauri kuma bai gama aikinsa ba. A kamfani ana gasa jikin mota a zafin da ya kai digiri 140, tun kafin a saka kujeru da wayoyi da robobi. Motar da aka gama haɗawa ba ta jure wannan, shi ya sa ɗakin gashi na masu gyara ke tsayawa wajen digiri 60. Mu kuwa a garejinmu rana ce da iska. Fentinmu yana ɗaukar kwana 30 zuwa 90 kafin ya nuna, in sanyi ya yi yawa ya ƙara jinkiri.

Abin da ke ba ni tausayi shi ne, yawanci ƙaunar motar ce ke sa mai ita ya ɓata ta. Mutum ya biya kuɗinsa, ya ga tana walƙiya, kullum da safe sai ya sa yaro ya share. Ƙurar hunturu yashi ne mai laushi, in ka bi ta da busasshen tsumma sanfefa ka yi wa motar. Ruwa ake fara kwararawa ya tafi da ita, sannan soso mai laushi da bokiti biyu, ɗaya na wanki ɗaya na ɗauraye soson. Ban da Omo, ban da soson da aka wanke taya da shi. A wanke a inuwa, a tsane nan take, don ruwan burtsatse in ya bushe a rana yana barin ɗige-ɗige.

Folish kuma shi ne babbar rigimarmu da jama'a gab da Sallah. Kowa na so tasa ta fi ta kowa ɗaukar ido. Amma kakin da ke cikin folish yana toshe hanyar da tinar ke fita, sai ka ga fentin ya dushe kamar hazo ya shiga cikinsa. Tamfol ma haka. Wani Alhaji daga Tudun Wada ya lulluɓe tasa sati guda da fitarta, iska ta dinga goga tamfol ɗin a jiki, ya dawo da rufin duk ya koɗe, ransa a ɓace. Ban ga laifinsa ba, domin babu wanda ya gaya masa a cikinmu.

Inuwa tana da kyau, amma ba gindin darbejiya ko mangwaro ba. Kashin tsuntsu da na jemage yana cin sabon fenti cikin wuni ɗaya in rana ta buge shi. A ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle ya yi laushi, a ɗauke, kada a kankare. Fetur in ya zuba a bakin tanki, musamman wajen 'yan bumburutu masu ɗurawa da mazurari, a ɗauraye da ruwa a take. A hanyar Kaduna ko Kano kuma a ba tifa tazara saboda tsakuwa.

Yanzu da nake da nawa wurin, ba na miƙa makulli sai mun tsaya da mai mota a gefenta. Nakan ce, "Ranka ya daɗe, ka ba ni minti biyar." In rubuta ranar da aka fesa a takarda in saka masa a aljihun gaban mota, in ce bayan wata biyu ya kawo in yi masa folish da hannuna kyauta. Duk yaron da na ɗauka aiki kuma, a satinsa na farko nake kai shi bayan mota ya danna farce.