Kejin waya ya kusa nakasa min ɓeran Masar

Har yanzu idan na tuna mutumin da ya sayar min da kejin nan, raina yakan sosu. Na gaya masa ƙarara cewa ɓeran Masar zan saka a ciki. Ya ɗauko min wani keji mai kyan gani, ƙasansa ragar waya, da faranti a ƙarƙashi wanda ake zarowa. Ya ce wai babu kamarsa, kashi da fitsari ƙasa suke zubewa, dabbar tana zaune fes, ni kuma na huta da shara. Abin da bai faɗa ba, ko rashin sani ne ko rashin damuwa, shi ne tafin ƙafar ɓeran Masar babu gashi ko ɗaya. Zomo yana da gashi mai kauri a ƙarƙashin ƙafarsa, shi kuwa fata ce zalla mai laushi, kuma a kanta yake ɗora jikin da kan kai gram 700 zuwa 1,200 idan ya girma. Sai ka ce a tsayar da mutum ba takalmi a kan ragar gasa nama, a nan zai wuni, a nan zai kwana.

Auduga muka sa mata saboda farin gashinta. Farkon zuwanta lafiya lau, ta saba da mu, ta koyi ƙarar leda, da ta ji an taɓa sai ta hau kuka tana neman ganye. Kukan nan ne ya fara raguwa. Sai na ga ta zaɓi kusurwa guda ta lafe, idan za ta je wajen ruwa tana tafiya a ɗosane. Da na ɗaga ta na duba ƙasan ƙafafunta na baya, gabana ya faɗi. Duka biyun sun yi ja sun kumbura, ɗaya har ta yi baƙin ɓawo a tsakiya. Ciwo irin wannan ba a rana ɗaya yake kamawa ba, ta daɗe tana fama da shi ba ta nuna ba. Haka halinsu yake. Dabbar da ake farauta ce, kuma wadda ta nuna rauni ita ake fara kamawa, shi ya sa suke ɓoye ciwo sai ya ci ƙarfinsu.

Likitan dabbobi bai gama juya ƙafar ba ya ɗago ya ce, "Malama, a kan me take kwana?" Na ce keji ne mai ƙasan waya. Ya girgiza kai kawai. Ya yi min bayani cewa wayar tana gurzar fatar har ta tsage, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa, galibi irin waɗanda ake kira Staphylococcus, kuma idan aka bari ciwon yakan nutsa har ƙashi. Idan ya kai nan magani yakan yi wuya ƙwarai, wani lokaci sai an yanke ƙafar. Na ce, "Likita, tata ta kai can?" Ya ce da sauran dama, amma in shirya, domin ciwon tafin ƙafa ba ya saurin warkewa, tunda ba yadda za a yi a hana ta taka shi.

Gaskiya ya faɗa. Makonni muka ɗauka ana wanke ƙafa, ana shafa magani, ana naɗa bandeji ƙarami wanda take cirewa da haƙori kafin ka juya baya. Ga maganin rage zafi, ga na kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗura mata da sirinji ta gefen baki tana fizge-fizge. Abin da na kashe a jinyar ya ninka kuɗin ita kanta da kejin sau da yawa, amma ba kuɗin ne ya fi ci min rai ba. Ganin ta tana kakkarwa a hannuna duk safiya, a kan abin da faifan roba shimfiɗaɗɗe zai iya hanawa, shi ne abin da har yau ban huce ba.

A cikin jinyar nan na ji wani abu da ya tsorata ni. Wata 'yar'uwata, da kyakkyawar niyya, ta ce me zai hana a fasa ƙwayar amoksisilin a ɗan diga mata, ai ciwo ne mai ruwa. Allah ya sa na tambayi likita tukuna. Ya ce ko kusa kada in yarda, domin duk maganin da ke dangin fenisilin yana iya kashe ɓeran Masar. Yana share ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin hanjinsa, miyagun su yi yawa su saki guba, zawo ya biyo baya, cikin 'yan kwanaki a rasa dabbar. Don haka duk wanda zai kai nasa asibiti ya fara tambaya ko likitan ya saba duba ƙananan dabbobi irin su, domin abin da ke warkar da kare ko kyanwa ba lallai ya dace da su ba.

Zafin ciwon ya sa ta rage cin abinci, wannan kuma wata masifa ce ta daban. Cikin ɓeran Masar ba ya son tsayawa. Idan ya yi kamar awa 12 bai ci ba, ko ka ga kashi ya ɗauke, ba abin jira zuwa gobe ba ne, hanjin na iya tsayawa gaba ɗaya. Sai da na riƙa jiƙa ƙwayoyin abincinta su yi laushi ina ba ta da sirinji kaɗan-kaɗan. Tun daga lokacin na ajiye ƙaramin sikeli, duk mako ina auna ta ina rubutawa. Gashi yana rufe rama, ido ba zai gani ba, amma sikeli yana gani. Ranar awon nan kuma nake juya ƙafafu huɗun in duba, yatsu hurhuɗu a gaba, uku-uku a baya, in ga ko farce ya yi tsawo, domin dogon farce yana karkatar da taku ya ƙara matsa wa tafin. Kusan duk wata nake rage shi.

Likitan ya kuma tambayi abincin da nake ba ta. Ashe buhun da mai kejin ya haɗa min da shi na zomo ne, ya ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Jikin ɓeran Masar ba ya haɗa bitamin C da kansa, kamar dai namu, dole sai ya samu a abinci kullum, wajen miligram 10 zuwa 30 ga babba mai lafiya, mara lafiya da mai ciki kuma fiye da haka. Rashinsa yana sa gaɓoɓi ciwo, dasashi ya yi jini, rauni ya ƙi warkewa. Ka ga an haɗa mata biyu ke nan, waya tana yanka, jiki kuma ba shi da abin ɗinke yankan. Na koma abincin da aka yi dominsu, ina sayen kaɗan-kaɗan saboda bitamin ɗin da ke ciki yana lalacewa idan ya daɗe a ajiye. Ba na diga shi a ruwan sha, haske da iska suna kashe shi da wuri, kuma yana canza ɗanɗanon ruwan har ta ƙi sha. Yankan tattasai kullum, da ganyen latas mai duhun kore da ɗan faski, sun wadatar. Albasa, tafarnuwa da dankali ba sa zuwa kusa da ita. Amma mafi yawan abin da take ci, kusan kashi 80 cikin 100, busasshiyar ciyawa ce, tuli guda da ba ya yankewa, domin haƙoransu 20 ba sa daina tsiro, taunar ciyawa ce ke goge su.

Sabon mazauninta da hannuna na haɗa shi, kuma ina alfahari da shi. Ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce ta roba, bango ɗan gajere, domin ba gwanayen hawa ba ne, sai dai gidan da ke da kyanwa ko kare dole a rufe sama. Faɗin ƙasa suke bukata, ba benaye ba. Mafi ƙanƙantar abin da ake shawarta wa guda biyu shi ne santimita 120 a tsawo da 60 a faɗi, ni kuwa na wuce haka, kuma da na ga yadda take zagaye wurin a guje na gane tsohon kejin ko rabin bukatarta bai kai ba. Ƙuncin ma yana cikin abin da ya ɓata ƙafar, domin dabbar da ba ta motsi nauyinta a wuri ɗaya yake zama. Na shimfiɗa tawul a ƙasa, bargo mai laushi a sama, fitsari ya ratsa ya bar saman a bushe. Safe da yamma ina share kashi ina canza inda ya jiƙe, domin danshi ma yana jiƙa fatar ƙafa ya sa ta tsage ko babu waya. Garin katako mai ƙura da ɓarɓashin itace mai ƙamshi irin na sida suna cutar da numfashinsu. Keken gudu da ake sa wa ƙananan ɓeraye kuma ba nasu ba ne, bayansu ba ya lanƙwasa haka. Maɓoya na sa masu ƙofa biyu.

Wurin ajiye kejin ma sai an lura. Asalinsu tsaunukan Andis ne a Kudancin Amurka, inda iska ke da sanyi, kuma ba sa gumi. Sun fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 24, idan aka haura 27 zafi na iya kayar da su. Nesa da taga mai rana, nesa da inda iska ke kaɗawa kai tsaye, kuma a ranar zafi ina naɗe gorar ruwa mai ƙanƙara a tsumma in ajiye mata ta jingina.

Bayan ƙafar ta warke, ɓawon ya faɗi ya bar ɗan tabo, sai na nemo mata abokiyar zama. A garke suke rayuwa, kuma duk yadda ka kai da wasa da su ba za ka maye gurbin ɗan'uwansu ba. A ƙasar Suwizalan tun 2008 doka ta hana a ajiye ɓeran Masar shi kaɗai. Zomo ba abokinsu ba ne, shurinsa ɗaya na iya karya su, kuma yana ɗauke da ƙwayar cutar numfashi da ba ta damunsa amma tana kwantar da su. Sabuwar, Ɗigo, na fara ware ta na ɗan lokaci don in tabbatar da lafiyarta, sannan na haɗa su a fili da ba na kowa ba, da tulin ciyawa a tsakiya. An yi gurnani, an yi bin juna, daga baya suka zauna suna ci tare. A makon ne na fara ganin Auduga tana daka tsalle tana murɗa jiki a sama don murna, abin da ban taɓa gani ba a tsohon kejin.

Mai sayar da Ɗigo ya rantse min mace ce, amma wannan karon maganar mai sayarwa ba ta ishe ni ba, sai da likita ya duba da idonsa kafin in haɗa su. Namiji yana iya yin barbara tun yana ɗan mako uku zuwa huɗu, ciki kuma kwana 59 zuwa 72 ne. Macen da ba ta taɓa haihuwa ba har ta wuce wata shida zuwa bakwai, ƙashin ƙugunta yakan ƙi buɗewa yadda ya kamata, haihuwar fari ta zame mata haɗari. Auduga ta riga ta wuce wannan lokacin, kuma dabbar da za mu iya kaiwa shekara biyar zuwa bakwai tare ba zan sake jefa ta cikin wani hali a kan rantsuwar ɗan kasuwa ba.